Yadda nake koyon faɗar gobe da Sifaniyanci

Lahadi, 29 ga Satumba, 2024

Shekarata huɗu a nan yankin Almeriya, kudancin Sifaniya, ina aikin gonakin leda, wato gonakin da ake rufewa da rumfar leda, kuma har yau Sifaniyancina na gona ne. Na san sunan kowane kayan aiki, na san zagi kala-kala, na iya cewa a ƙaro akwati ko ruwa ya ƙare. Amma in zan yi maganar gobe, sai in ce *mañana* in ɗora fi'ili yadda ya zo bakina, mai saurare ya ƙarasa sauran da kansa. Da haka nake ta lallaɓawa har farkon watan nan, da abin ya kusa haɗa ni rigima da mai gidan da muke haya.

Kuɗin aiki ne ya yi jinkiri, sai na tura masa saƙo cewa zan biya ran Litinin. Abin da na rubuta shi ne *pagué el lunes*. Na sha jin mutane suna ƙarasa kalma da wata "e" mai ƙarfi in suna alkawari, na ɗauka ita ce. Ashe cewa na yi "na biya ran Litinin". Dattijon ya duba asusunsa bai ga ko sisi ba, ya kira ni yana ta faɗa, a zatonsa rufa-ido nake so in yi masa. Sai da ɗan Marokon da muke gida ɗaya ya karɓi wayar ya yi masa bayani. *Pagaré* ya kamata in rubuta. Gaɓa ɗaya tak ce ta mai da ni maƙaryaci, kuma na kwana uku abin yana cina.

Saboda haka na ba da sunana a ajin yamma da wata ƙungiyar sa-kai take yi wa baƙi kyauta, Talata da Alhamis, ƙarfe 7 zuwa 8:30. An gaya mana ran 19 ga Nuwamba kowa zai tsaya gaban aji ya yi minti uku yana bayanin shirinsa na baɗi. Wannan ita ce ranar da na sa a gaba.

Abin da na kashe yau: littafin rubutu da biro biyu, yuro 2.60, tsohon littafin nahawu a kasuwar gwanjo, yuro 5, fitilar keke, yuro 7, don da duhu zan riƙa dawowa.

Talata, 1 ga Oktoba

Ajin farko. Mu goma sha huɗu ne, yawanci 'yan Maroko da Senegal, sai 'yan Mali biyu, wata mata 'yar Romaniya, da ni. Malamar tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, asalinta 'yar arewacin ƙasar, tana furta kowane harafi tas kamar mai karanta labarai.

Na je da fargaba, don na tuna wahalar da na sha da lokacin yanzu, inda fi'ilai masu ƙarewa da *-ar* suke da nasu tsarin, masu *-er* nasu, masu *-ir* nasu. Sai ga shi wannan ya zo da sauƙin da har na yi zargin akwai wani tarko. Ba a yanke komai daga jikin kalmar. Ana ɗaukar fi'ilin yadda yake a ƙamus, abin da a zaure za mu kira masdari, a liƙa masa ɗafa-ƙeya guda shida: *-é, -ás, -á, -emos, -éis, -án*. Shi ke nan, kuma duk gidajen uku da su suke aiki.

Ta ɗauki *hablar*, yin magana. *Hablaré*, zan yi magana. *Hablarás*, za ka ko za ki yi. *Hablará*, zai ko za ta yi. *Hablaremos*, za mu. *Hablaréis*, za ku. *Hablarán*, za su. Ta goge *hablar* ta sa *comer*, ci: *comeré, comerás, comerá*. Ta goge ta sa *vivir*, zama ko rayuwa: *viviré, vivirás, vivirá*. Wutsiyar ba ta motsa ba.

Su ba ruwansu da ka da ki, ko ya da ta, a jikin fi'ili. Wanda ake girmamawa kuma, *usted*, ba jam'i ake yi masa ba kamar yadda muke ce wa babba "ku". Layin "shi" ake sa shi. Wato in zan ce wa mai gidan haya "za ku yi magana", *hablará* zan ce, kamar ina zancen wani da ba ya wurin.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Maimaici. Fi'ilai goma kowa ya jujjuya. Malama ta tsayar da ni sau uku kan "h": ba a furta ta, *ablaré* ake cewa. "V" kuwa "b" ce a bakinsu, *bibiré*, wannan kam ya yi wa Bahaushe daidai.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na samo dabara. Aikinmu a wannan makon ɗaure tumatir ne, ana nannaɗe kowane tsiro a jikin zaren da ya sauko daga sama, ana cire 'ya'yan rassan da ke tsirowa a hammatarsa. Hannu ne ke aiki, kai a sake yake. Sai na ba kowane tsiro layi ɗaya: na farko *trabajaré*, na biyu *trabajarás*, har na shida, in sauya fi'ili. Kafin in kai ƙarshen kunya ɗaya na zagaya fi'ili takwas ko tara. Tasrifin *fa'ala, fa'alaa, fa'aluu* da muka rera muna yara a gaban Malam ne ya dawo min, har da karin.

Matsalar da na gano: in na yi sauri, sai tsohon hali ya dawo, in sare *-ar* ɗin. *Compraré* sai ya koma *compré*, zan saya ya koma na saya. Wato ainihin ramin da na faɗa da mai gidan haya. Yanzu ina jan "r" ɗin da gangan, ko da ya yi kama da mai koyon karatu.

Talata, 8 ga Oktoba

Yau na sha ƙasa. Malama ta yi mana shifta, jimla goma sha biyu, na ci biyar. Kalmomin duk na rubuta su daidai harafi da harafi, abin da ya kashe ni ɗan karan nan ne da ake ɗorawa kan wasali, wanda suke kira *tilde*. Ni a wurina ado ne. Ta ce duk kalmar da ba kara, ba ta san da ita ba.

Na yi ƙorafi, na ce ai ana ganewa. Sai ta rubuta *comprará* da *comprara* a allo, ta karanta su. Na farko nauyin murya a gaɓar ƙarshe yake, com-pra-RÁ, zai saya. Na biyu a tsakiya, com-PRA-ra, kuma wani lokaci ne dabam da ake amfani da shi a zance irin na "da a ce ya saya". Haka *comprarás* da *compraras*, haka *comprarán* da *compraran*. Ta ce karan ba ado ba ne, shi ke gaya wa mai karatu inda zai danna murya.

Dokar, yadda na fahimce ta: kalmar da ta ƙare da wasali, ko "n", ko "s", in nauyin yana kan gaɓar ƙarshe, sai an sa kara. Shi ya sa biyar cikin shida suke da shi. *Compraremos* kaɗai ba ta da shi, don nauyinta yana kan *re*, gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Ni kuwa, da na tashi gyara, na bi na sa mata ita ma, na ƙara cin wani jan biro.

A kan keke ina dawowa abin ya faɗo min. Mu ma ai muna da irin wannan, sai dai mu ba ma rubutawa. "Ya zo" da ake nufin ya riga ya iso, da "ya zo" irin ta "kada ka damu, ya zo ai", wadda murya ke sauka a kan "ya", a takarda iri ɗaya ne, a kunne kuwa ba mai haɗa su. Mu mun bar wa mai karatu ya gane daga zancen, su sun ce a'a, a sa alama. Gaskiya a nan na fi ganin hikimarsu.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na sauya madannan wayata zuwa Sifaniyanci. In ka danne wasali ka riƙe, mai karan yana fitowa. Gobe hutun ƙasa ne, amma mu da aikin safe.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Abokin ɗakina Ba'adare ne daga Tawa, ya yi boko da Faransanci har aji na tsakiya. Ya ga ina ta haddar wutsiyoyin nan shida, ya ce, "Malam, kai da wahalar da kai kake. Ai *avoir* ce aka manna." Ya rubuta min *je parlerai, tu parleras, il parlera*, ya ce a Faransanci ƙarshen nan fi'ilin mallaka ne aka liƙa wa masdari, kuma ya tabbata nan ma haka ne. Na ce masa Ba'adare da ƙarfin hali, yaushe ka zama malamin nahawu.

Na buɗe littafina na gwanjo don in ƙaryata shi, sai ga shi da gaskiyarsa. Fi'ilin *haber* a lokacin yanzu: *he, has, ha, hemos, habéis, han*. Cire "h" ɗin da dama ba a furtawa, ka rage *habéis* ta koma *éis*, ga wutsiyoyina shida cif. *Hablar he*, wato kamar "ina da magana a kaina", shi ne ya dunƙule ya zama *hablaré*. Daga Latin na talakawa abin ya taso, shi ya sa Faransanci da Italiyanci da Fotugis duk suka gaje shi. A tsohon Sifaniyanci har ana iya cusa wakilin suna a tsakanin guntayen biyu, alamar a lokacin ba su gama haɗewa ba. Antonio de Nebrija, wanda ya wallafa nahawun harshen na farko a 1492, ya riga ya lura da wannan tun a lokacin. Shekarar ce kuma Garnaɗa ta faɗi, shekara uku bayan Almeriyar nan da nake zaune ta fita daga hannun Musulmi a 1489.

Amfanin wannan a wurina: na riga na san *he comido, has comido*, na ci, ka ci, tun bara. Ashe haddar da nake yi na daɗe da ita a aljihu. Na saya wa Ba'adare shayi, yuro 1.40, kuɗin fatawa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ban je aji ba. An ƙara mana awa biyu, na dawo ko takalmi ban iya cirewa da wuri ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Mako guda ke nan ina kasa kunne a gona da kanti da tashar mota, ina jiran in ji mutanen gari suna amfani da abin da nake koyo. Raina ya ɓaci. Kusan ba mai faɗa. Maigidan gona bai taɓa cewa *mañana cortaremos*, gobe za mu yanka, ba. *Mañana vamos a cortar* yake cewa, ko ma kawai *mañana cortamos*, da lokacin yanzu. Mai kanti *voy a cerrar* take cewa in za ta rufe. Wato fi'ilin tafiya, *ir*, sai *a*, sai masdari. Na zauna ina tunanin ko makonni uku na yi ina haddar harshen littafi.

Na biyu ya fi ciwo. Jiya na yi ƙarfin hali na tambayi maigida da sabon salona ko ɗansa zai kawo akwatuna. Ya ba ni amsa da wata kalma da na ji kamar *llevará*, zai kai. Na koma bakin aikina ina jiran yaron. Bayan rabin awa maigida ya leƙo yana tambayar me nake jira. Ashe *llevarás* ya ce, ni zan kai. Mutanen nan na gabashin Andalus ba sa furta "s" ta ƙarshen kalma, haɗiye ta suke yi, sai dai su ɗan ƙara buɗe baki a wasalin da ke gabanta. Su suna jin bambancin sarai. Ni kuwa da na koya daga bakin malama 'yar arewa, "za ka" da "zai" sun zame min abu ɗaya. Na kwashi akwatuna arba'in ni kaɗai da rana tsaka, yaran Senegal suna ta dariya.

Talata, 22 ga Oktoba

Na kai ƙarata gun malama kafin a fara aji. Ta yi dariya ta ce, *hijo*, duka biyun za ka buƙata. Abin da aka riga aka shirya, ko wanda ke dab da faruwa, *voy a* ne ya fi yawa a baki, a Latin Amurka ma abin ya fi nan. Amma alkawari, da hasashe, da takardar hukuma, da duk abin da yake nesa ko ba a hannunka yake ba, nan ne gidan *-ré*. Ta ce in kalli hasashen yanayi a talabijin yau da dare in ƙirga.

Na kalla, na ƙirga goma sha ɗaya cikin 'yan mintuna: *lloverá*, za a yi ruwa, *bajarán las temperaturas*, zafi zai sauka, *soplará*, iska za ta kaɗa. Ashe kullum suna shiga kunnena ban san su ba ne.

Sai kuma wani abu da ya sa na tashi zaune. Da na tambaye ta ko za ta ƙara mana shifta ran Alhamis, ta ɗaga kafaɗa ta ce *ya veremos*. Na san wannan maganar, maigida yana yi mana ita duk ranar da aka tambaye shi ƙarin kuɗi. *Veremos* daga *ver* ne, gani. "Ma gani" ke nan, ba ƙari ba ragi, har da ɗaga kafaɗar. Na tura wa ƙanwata saƙon murya, ita da ke karanta Hausa a kwalejin ilimi. Ta ce, "Yaya, ai mu ma lokaci mai zuwa biyu gare mu. Akwai na zan, za ka, za mu, akwai kuma na biyu, irin su kya ji, kwa gani, ma haɗu." Ta ƙara da cewa "za" ɗin ma daga tafiya ta fito, shi ya sa muke cewa "za ni kasuwa", "ina za ka?" To ai *voy a* ke nan. *Voy a Almería*, za ni Almeriya. *Voy a comer*, zan ci.

Ba na cewa sun yi daidai ɗari bisa ɗari, *pagaré* ta fi "na biya" irin ta ma-gani ƙarfin alkawari nesa ba kusa ba. Amma tun da na daina bi ta Turanci ina jera su kusa da Hausa, kaina ya daina ɗaurewa.

Lahadi, 27 ga Oktoba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya daren jiya, yanzu magariba tana yi tun ana tashi daga aiki. Na yi amfani da awar da aka ƙara na shiga masu taurin kai. Goma sha biyu ne manyansu, kuma wutsiyarsu irin ta kowa ce, gindin ne ke sauyawa. Wasu suna yar da "e": *podré, sabré, querré, cabré, habrá*. Wasu suna sa "d" a gurbin wasalin: *tendré, pondré, saldré, vendré, valdré*. Biyu kuma sun gajarce gaba ɗaya, *decir* ya koma *diré*, *hacer* ya koma *haré*. Abin mamaki, *ser* da *ir* da *estar*, waɗanda suka fi kowa rashin ji a sauran lokuta, a nan lafiya lau suke bin layi: *seré, iré, estaré*.

*Querré* tana ba 'yar Romaniya da 'yan Mali aiki, ni kuwa "r" mai karkarwa ina da ita tun daga gida, ita ce ta "tara" ta ƙirga. Inda nake tuntuɓe "p" ce. In ban kula ba *pagaré* sai ta fito *fagaré*.

Laraba, 30 ga Oktoba

Daren Litinin ƙanƙara ta sauka a garin El Ejido, nan yankin Almeriya, da kewaye, irin wadda ban taɓa gani ba. Ƙararta a kan rufi kamar ana jifa da duwatsu. Da safe muka tarar ledar gonarmu ta zama rariya a ɓangaren gabas, tattasan maƙwabcinmu a kwance, gilasan motoci a farfashe a bakin titi. Maigida ya tsaya a tsakiyar kunya hannu a ƙugu, bai ce wa kowa komai ba.

Jiya Talata kuma ambaliya ta afka wa garuruwan da ke kewayen Balensiya. Tun safe muke kan waya, adadin waɗanda suka rasu sai hawa yake. Allah ya kyauta. Inna ta kira daga Kano hankalinta a tashe, ta ji a rediyo an ce Sifaniya. Na ce mata, "Inna, tsakaninmu da wurin tafiyar awa huɗu ce ko fiye a mota, ku kwantar da hankalinku."

Ba a yi aji ba jiya. Ban buɗe littafi ba, amma duk daren ina gaban talabijin, kuma a karon farko na bi bayanin masu hasashe ba tare da na tambayi kowa ba: *seguirá lloviendo*, ruwa zai ci gaba, *la tormenta se desplazará*, hadarin zai matsa. Ban so a ce ta wannan hanyar na gane na fara ji ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Kwana huɗu muna kan rufi muna sauya leda, har ran Juma'a da take ranar hutu. Hannuna duk yanka. Waɗanda suka rasu a Balensiya sun haura 200.

Abu ɗaya na tsinta a kan rufin. Maigida yana neman almakashinsa yana cewa *¿dónde estarán?* Na tsaya ina mamaki, me ya kawo "ina za su kasance" ga abin da ya ɓata yanzu? Can kuma wani ya tambayi lokaci, ya kalli rana ya ce *serán las doce*. Sai na gane: kintace ne. Kuma mu ma haka muke yi. "Sha biyu za ta yi yanzu." "Mutumin zai kai shekara arba'in", *tendrá cuarenta años*. Ba wanda ke nufin sai nan gaba zai kai. Littafina ya ɓata shafi biyu yana bayanin wannan kamar wani abin al'ajabi, ni kuwa a bakin Inna na taso da shi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Yau mu tara ne kawai a aji. Na kai daftarin jawabina, ya dawo da ja a wuri shida. Huɗu daga ciki laifi ɗaya ne. Na rubuta *si tendré dinero* da *cuando llegaré a Kano*. Malama ta ce bayan *si* na sharaɗi ba a sa lokaci mai zuwa, na yanzu ake sawa: *si tengo dinero, compraré*. Bayan *cuando* kuma, in ana maganar abin da bai zo ba, wani salo ne dabam da ba mu kai ba tukuna: *cuando llegue*. Ta ce in haddace shi haka nan a dunƙule, bayani sai bayan sabuwar shekara.

Haushin kaina na ji, don ko a Hausa ba na cewa "in zan samu kuɗi zan saya". "In na samu" nake cewa, "idan na isa Kano". Zumuɗin sabon abu ne ya sa nake liƙa shi ko'ina, kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi.

Sauran biyun wurin zaman wakilin suna ne. Mu "zan kira ka" muke cewa, su sai ya riga fi'ili: *te llamaré*, *lo compraré*, *me levantaré*.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na ce wa maigida *mañana venderé a las siete*. Ya dube ni ya ce me zan sayar da ƙarfe bakwai na safe. *Vendré*, zan zo. *Venderé*, zan sayar, daga *vender*, wanda ke bin ƙa'ida. Na rubuta su biyun a bangon akwatin abincina, tare da *podré* da *pondré*.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na karanta wa Ba'adare jawabin sau huɗu yana riƙe da agogo. Minti biyu da sakan arba'in. Ya ce ina gudu kamar wanda ake bi bashi. Kalmomin lokaci sun zauna: *mañana* gobe, kuma ita ce safiya, shi ya sa gobe da safe *mañana por la mañana*, *pasado mañana* jibi, *el año que viene* shekara mai zuwa, ginin ma iri ɗaya da namu. Gata da citta ba su da kalma guda, sai dai a ce nan da kwana uku, nan da kwana huɗu. Tayar keke ta fashe, faci yuro 3.

Talata, 19 ga Nuwamba

An yi. Ni ne na biyar. Gwiwata tana rawa kamar ranar da na fara ja wa yara sallah. Na ce baɗi zan nemi lasisin tuƙa motar ɗaga kaya a sito, *sacaré el carné*. Zan bar gona in na samu, zan tara kuɗi, zan je Kano da rani in ga mahaifiyata, *viajaré a Kano y veré a mi madre*. Zan yi rajistar jarrabawar DELE ta matakin A2, wadda Instituto Cervantes ke shiryawa, don ana neman ta ga mai son takardar zama ɗan ƙasa, ko da yake irina sai ya shekara goma da izinin zama kafin ya nema. Na rufe da *si Dios quiere*, in Allah ya so. 'Yan Maroko suka amsa da in sha Allahu a tare, malama ta ce to ai *ojalá* ɗinsu ma, wato "Allah ya sa", daga Larabcin aka samo ta.

Kurakurai uku ta rubuta. Na ce *haceré* maimakon *haré*, na furta "h" a *hablaré* sau ɗaya, kuma *fagaré* ta kuɓuce min duk da na yi ta gargaɗin kaina. Kara kuwa, a takardar da na miƙa, ba ta sami ko ɗaya da ya ɓata ba. Tambayar da wani ɗan Senegal ya yi min bayan na gama ce ta kayar da ni, sai da ya maimaita sau uku, don shi ma a gona ya koyi nasa, yana haɗiye "s" fiye da 'yan gari.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Lissafi: yuro 19 cif cikin makonni takwas, har da shayin Ba'adare da facin taya. Aji biyu na rasa, ɗaya nawa, ɗaya na ƙanƙara.

Baki ya fi kunne ci gaba. Har yanzu in maigida ya yi magana da sauri ba na rabe *-ás* da *-á*, sai dai yanzu ina tambaya, *¿yo o él?*, ni ko shi, kafin in ɗauki akwati. Daga gobe zan riƙa sauraron tashar rediyon yankin minti ashirin a hanyar gona, don kunnena ya saba da bakin mutanen nan, ba na malama kaɗai ba.

Mataki na gaba a aji shi ne salon "da zan": *hablaría, comería, viviría*. Malama ta ce gindinsa ɗaya da wanda muka gama, har masu taurin kan goma sha biyu, *tendría, haría, diría*, wutsiya kawai za a sauya. Ma gani.

Kuɗin gyaran leda ya sa maigida zai jinkirta albashi da kwana biyu, don haka ɗazu na tura wa mai gidan haya saƙo: *Buenas tardes. Le pagaré el lunes 2 de diciembre.* Na duba karan sau biyu kafin in danna. Ya amso da *Vale*, wato "to".